Kai kare ziyarar tsofaffi a Jos: amsar likitan dabbobi

"Likita, barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce a nan Jos, kuma ina cikin wata ƙaramar ƙungiya ta mata da ke zagayawa gaishe da tsofaffi duk ranar Asabar, musamman waɗanda 'ya'yansu suka yi nisa. Yayata da ke zaune a Ingila ta ba ni labarin cewa a can masu aikin sa-kai suna kai karnuka gidajen tsofaffi, wai yana rage musu kaɗaici da damuwa. Ina da karya mai shekara uku, mai sanyin hali, ba ta taɓa cizon kowa ba. Shin maganar nan gaskiya ce ko dai al'adar Turawa ce kawai? Idan gaskiya ce, za ta yiwu a nan, ganin cewa kusan rabin waɗanda muke ziyarta Musulmi ne? Kuma ta ina zan fara?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan zumunci da kuke yi da ƙafa. Tambayarki ta haɗa abu uku: ko akwai amfani na gaskiya a cikin haɗa tsoho da kare, ko abin zai karɓu a gidajenmu, da kuma sharuɗɗan da ya wajaba a cika kafin karyar ta taka ƙofar kowa. Zan amsa ne a matsayina na likitan dabbobi da ya daɗe yana aiki a Jos da kewaye, wanda kuma ya taɓa gwada wannan ziyara da kansa, ya ga inda ta yi kyau da inda ta ɓaci. Amsata a dunƙule ita ce, akwai amfani, amma ga wanda yake so kaɗai, kuma amfanin ba daga jikin karen yake fitowa ba kamar yadda magani ke fitowa daga kwalba. Kare yana buɗe bakin tsoho ne, mutumin da ke riƙe da igiyar shi ne zai saurari abin da ya fito.

Inda abin ya samo asali

Yayarki ba ta yi ƙari ba. Tun a shekarar 1796 aka buɗe wani gidan kula da masu taɓin hankali a garin York na Ingila, ƙarƙashin jagorancin William Tuke, inda aka riƙa barin marasa lafiya suna hulɗa da ƙananan dabbobi a harabar gidan, a zamanin da aka saba ɗaure irin waɗannan mutane da mari. Amma wanda ya sa masana suka ɗauki batun da muhimmanci shi ne Boris Levinson, masanin halayyar ɗan Adam a New York, wanda ya lura cewa wani yaro da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karensa mai suna Jingles, ya kuma gabatar da wannan lura ga abokan aikinsa a farkon shekarun 1960. Daga nan ƙungiyoyi suka biyo baya. Wata ma'aikaciyar jinya, Elaine Smith, ta kafa Therapy Dogs International a Amurka a 1976, aka kafa Delta Foundation a 1977, wadda daga baya ta koma Delta Society, yanzu kuma ake kira Pet Partners, sannan a Ingila Lesley Scott-Ordish ta kafa Pets As Therapy a 1983. Mai yiwuwa masu aikin wannan ta ƙarshe ne yayarki take gani.

Yana da kyau ki san cewa irin wannan kare ba ɗaya yake da karen da ke yi wa makaho jagora ba. Karen jagora na mutum ɗaya ne, an daɗe ana horar da shi a kan wannan aiki. Karen ziyara kuwa karen gida ne na wani mai aikin sa-kai, wanda aka jarraba halinsa da lafiyarsa, aka tabbatar yana jin daɗin baƙi, sai shi da mai shi su riƙa zuwa tare. Ko a can ba karen kaɗai ake jarrabawa ba, har da mai riƙe da shi.

Abin da bincike ya tabbatar, da inda ya tsaya

A 1980 Erika Friedmann da abokan aikinta sun bi diddigin mutanen da aka sallama daga sashen masu ciwon zuciya, suka tarar cewa masu dabbar gida sun fi sauran kaiwa shekara guda a raye. A 2003 wasu masana biyu a Afirka ta Kudu, Odendaal da Meintjes, sun auna jinin mutane da na karnuka kafin da bayan ɗan zama tare cikin natsuwa, suka ga hawan jini ya sauka, sinadarin oksitosin ya ƙaru a jikin mutum da na karen gaba ɗaya. Wannan sinadari shi ne wanda ke da hannu wajen shaƙuwar uwa da jariri. Binciken da ya fi kusa da tambayarki shi ne na Marian Banks da William Banks a 2002, waɗanda suka kai kare gidajen kula da tsofaffi a Amurka na tsawon mako shida, minti 30 a kowace ziyara, suka samu kaɗaici ya ragu idan aka kwatanta da waɗanda ba a kai wa ba. Abin da na fi riƙewa daga wannan aiki shi ne, yawancin waɗanda suka yarda a kai musu karen mutane ne da suka taɓa riƙon dabba a ƙuruciyarsu. Wato abin ya yi aiki ne a kan zukatan da dama akwai gurbinsa a cikinsu.

Sai dai bai kamata a kai maganar inda hujja ba ta kai ba. A 2019 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace sakamakon bincike, ta duba gwaje-gwaje tara da aka yi a kan masu ciwon mantuwa na tsufa, ta ce mai yiwuwa ziyarar dabba tana ɗan rage alamun baƙin ciki, amma hujjar ba ta da ƙarfi, kuma ba a ga canji a fili a sauran fannonin rayuwarsu ba. Yawancin binciken an yi su ne da mutane kaɗan, cikin ɗan lokaci, a gidajen tsofaffi na ƙasashen da kare ke kwana a falo. Akwai kuma wata matsala da ke da wuyar warwarewa, domin kare ba ya zuwa shi kaɗai, kullum da mutum yake tafe, saboda haka raba amfanin karen da amfanin baƙon ba abu ne mai sauƙi ba. Don haka kada wani ya gaya wa tsoho cewa karen zai saukar masa da hawan jini har ya ajiye maganinsa. Wannan hurumin likitan mutane ne, ni kuma ban da ikon shiga cikinsa.

Mu a nan ba mu da al'adar tara tsofaffi a gida ɗaya, kuma muna alfahari da haka. Amma ke da ke zagayawa kin fi ni sanin cewa kaɗaici ya shigo mana ta bayan gida. Akwai tsofaffin ma'aikatan haƙar kuza da na jirgin ƙasa a Bukuru da cikin gari waɗanda 'ya'yansu ke Abuja ko Legas ko ƙetare, kuɗi yana zuwa ta waya amma babu mai zama. Akwai waɗanda rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka raba da maƙwabtan da suka yi shekara talatin tare, kowa ya koma unguwar da ya fi samun kwanciyar hankali, abokin hira ya zama sai an hau mota. Akwai kuma wanda yake cikin gida mai cike da jama'a, ana ba shi abinci a kan lokaci, amma tun safe har dare babu wanda ya tambaye shi komai sai "ya jiki".

Irin wannan na ƙarshen ne ya fara nuna mini abin da kare zai iya yi. Dattijo ne a Bukuru, ya haura shekara tamanin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta yi nauyi har iyalinsa suka saba da shirunsa. Na je gidan ne duba awakinsu, karyata tana cikin mota, wata ja mai farin ƙirji, irin karnukanmu na gida. Yana zaune a kujerar roba a bakin ƙofa yana shan hantsi, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo saboda sanyin hunturu. Na lura idonsa bai bar tagar motar ba. Na tambayi ɗansa, ya ce ai Baba tsohon mafarauci ne, ya riƙe karnuka da yawa a zamaninsa. Na durƙusa na tambayi dattijon da kansa ko in fito da ita, ya ɗaga kai alamar e. Da ta zo ta zauna a gefen hagunsa, sai ya kai hannunsa mai lafiya ya kama kunnenta, ya juya shi ya duba ciki, ya ɗaga leɓenta ya kalli haƙori, ya shafa ƙirjinta, kamar mai shirin saye a kasuwa. Sannan ya ce da ni, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, wannan ba za ta kama zomo ba, ƙafarta gajera ce. Ɗansa ya tsaya da buɗaɗɗen baki. Ranar mun yi kusan rabin awa yana lissafa mini sunayen karnukansa da dazuzzukan da suka shiga. Karyar ba ta warkar da shi ba, ya ci gaba da jinyarsa yadda yake, amma a wannan zama shi ne masani, ni da na yi karatun dabbobi nake ɗaukar darasi. Abin da tsufa ya fi ƙwace wa mutum ke nan, a zo wurinsa neman sani.

Batun addini da kunyar gida

Nan ne tambayarki ta fi nauyi, kuma zan faɗi abin da yake sananne kawai, hukunci na malamai ne. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi yawan Musulmin ƙasar nan suka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sha a cikinta ana ɗaukarsa umarni ne na bauta. Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa suna ganin najasa ne. Alƙur'ani ya ambaci karen Ashabul Kahfi a bakin kogo, ya kuma halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. Akwai hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Amma kuma akwai hadisai ingantattu da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare, da kuma cewa ladan mutum yana raguwa idan ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba. Wannan shi ya sa a gidan Bahaushe Musulmi kare yake da wurinsa a waje, a garke ko gona ko bakin ƙofa, ba a ɗaki ba, ba a kan tabarmar da ake salla ba. Kada ki ɗauki wannan a matsayin rashin wayewa da za a gyara da wa'azi. Imanin mutum ne, kuma tsoho da ke shirin haɗuwa da Ubangijinsa ba ya bukatar baƙon da zai zo ya jefa masa shakka a kan tsarkinsa.

Kada kuma ki ɗauka cewa duk gidan Kirista zai yi maraba. Mutane da yawa a Filato sun san kare a matsayin mai gadi ko na farauta, a wasu yankunan kuma dabbar kasuwa ce, kamar yadda kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta shahara da cinikinsa. Wanda ya tashi a haka zai iya ganin shafa kan kare a cinya abu ne marar ma'ana. Wani kuma an taɓa cizonsa yana yaro, tsoron bai bar shi ba har furfura. Ba addinin gidan za ki tambaya ba, tarihin mutumin za ki tambaya.

Ni kaina na yi kuskure a nan, kuma har yau yana damuna. Bayan abin da na gani a Bukuru, zumuɗi ya ɗauke ni. Wani abokina ya ce mahaifiyarsa ta yi shiru da yawa tun rasuwar mijinta, in kawo karyar ko za ta ɗan ware. Na karɓi izininsa a matsayin izininta. Muka shiga tsakar gida, Hajiya tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu. Ta amsa gaisuwata da fara'a, ta tambayi iyali, ta sa aka kawo mini ruwa, ba ta ce uffan a kan karyar ba, sai dai na ga ta janye gefen mayafinta ta tattare ƙafafunta. Na ɗauka kunya ce ta baƙo. Bayan kwana biyu abokin nawa ya gaya mini cewa muna fita ta sa aka wanke tabarmar da wurin gaba ɗaya, ta sake alwala, ta canza zane, ta kuma yini cikin ɓacin rai, amma ta hana a gaya mini don kada in ji nauyi. Na je don in rage mata damuwa na ƙara mata wata. Na koma ni kaɗai na ba ta haƙuri, ta ce babu komai ɗana, ka yi ne don alheri. Abin da na koya shi ne, dattijuwar Bahaushiya ba za ta ce wa baƙon ɗanta ya fita da abin da ya kawo ba, kara ba za ta bar ta ba. Saboda haka dole a tambaye ta tun kafin ranar, ba a gaban karen ba, ba kuma ta bakin mai karen ba, sai ta bakin wanda ba ta jin kunyar ce masa a'a, kamar jika ko ƙanwa. A kuma yi tambayar ta yadda ƙin zai fi sauƙi a baki. Duk amsar da ba "ina so" ba ce, ki ɗauke ta a matsayin a'a, har da "yadda kuka gani" da "babu damuwa".

Idan tsohon yana da ciwon mantuwa, iznin iyali wajibi ne amma bai isa ba. Ki duba fuskarsa a kowace ziyara, domin wanda ya yi murna makon jiya yana iya firgita yau.

Karyarki ta cancanta kuwa?

Kin ce tana da sanyin hali kuma ba ta taɓa cizo ba. Wannan mafari ne mai kyau, amma sanyin hali a gidanku tsakanin waɗanda ta sani daban yake da sanyin hali a baƙon wuri. Abin da ake nema shi ne kare mai son mutane da kansa, ba wanda yake haƙuri da su kawai ba. Ki gwada ta da baƙo mai dogara sanda, da mai tafiya yana jan ƙafa, da keken marasa lafiya, da ƙarar kwano ya faɗi a siminti, da mai magana da ƙarfi saboda nauyin kunne. A sa wani ya shafa ta da hannu mai rawa, ya riƙe kunne ko bindi ya ɗan daɗe, domin haka hannun tsoho yake yi ba da nufi ba. Idan ta razana ta dawo daidai nan take, babu laifi. Idan ta yi gurnani, ko ta sandare, ko ta ɓuya bayanki ta ƙi fitowa, wannan aiki ba nata ba ne, kuma ba aibi ba ne a gare ta. Dole ta iya zama da kwanciya da umarni ɗaya, ta bar abin da ta gani a ƙasa idan an ce ta bari, domin ƙwayar magani tana yawan faɗuwa a ɗakin tsoho. Sama da komai kada ta zama mai tsalle a jikin mutum. Wata ƙididdiga ta hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta nuna mutum sama da 86,000 ne ke jin rauni duk shekara a can ta hanyar faɗuwa saboda kare ko kyanwa, kuma tsofaffi ne suka fi samun karaya. Karayar ƙugu ga ɗan shekara tamanin sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi.

Ƙa'idar Pet Partners ita ce kare ya cika shekara ɗaya, ya yi aƙalla wata shida a hannun mai shi, a sake jarraba su duk shekara biyu, kuma kada a riƙa ciyar da shi ɗanyen nama. Na ga dacewar ki ari waɗannan sharuɗɗa yadda suke. Jinsin kare ba shi ne ma'auni ba, na ga karen gida da ya fi na ƙetare mai tsada natsuwa nesa ba kusa ba. Amma duk karen da aka horar don gadi, ko aka saba ɗaure shi da rana a sake shi da dare, a cire shi daga lissafi ko da ya yi laushi kamar auduga.

Rigakafi kafin komai

Wannan shi ne fannina, kuma a nan ba na sassauci. Ciwon haukan kare yana nan tare da mu a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin ɗari ta hanyar kare ake kamuwa. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Mu a Jos mun yi sa'a, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda tarihinta ya faro tun 1924, tana kusa da mu, tana gwajin cutar tana kuma samar da allurar rigakafinta. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Ki tabbata likitan dabbobi mai rajista ne ya yi, da maganin da aka adana cikin sanyi, ki kuma riƙe katin a jakarki ki nuna wa iyalin gida tun kafin su tambaya. Karen da ke yawo a unguwa yana cuɗanya da karnukan titi bai dace da ziyara ba ko da yana da kati.

Bayan wannan sai allurar sauran cututtukan karnuka, da maganin tsutsar ciki duk wata uku, da maganin kaska da ƙuma, musamman da damina. Makero yana tsallakawa daga dabba zuwa mutum cikin sauƙi, don haka duk wani tabo ko zubewar gashi a fatarta dalili ne na ɗage ziyara. Haka ma gudawa, amai, tari, ko lokacin da take neman namiji. A yi mata wanka kwana guda kafin fita, a yanke farce a goge kaifinsa, domin fatar tsoho sirara ce kamar takarda, kuma wanda ke shan maganin tsinka jini ƙaramin yagi yana iya zame masa matsala. Kada ki bari ta lashi fuska ko hannu mai rauni. Mai ciwon suga da ke da gyambo a ƙafa, da mai shan maganin ciwon daji, da wanda aka cire wa saifa, da mai asma da gashin dabba ke tayar masa, duk waɗannan sai likitansu ya amince, in ba haka ba a bar karyar a gida. Cuta kuma tana bin hanya biyu, an samu karnukan ziyara a ƙasashen waje suna ɗaukar ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani daga hannun wani majinyaci zuwa wani, shi ya sa wanke hannu da sabulu kafin taɓawa da bayanta ba abin wasa ba ne.

Idan tsautsayi ya faru, cizo ko yagi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, a kuma killace karyar kwana goma ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Kada a tsaya shafa toka ko gashin karen a kan raunin kamar yadda wasu suka gada.

Yadda ziyarar za ta kasance

Ziyarar farko ki je ba tare da ita ba, ki ga wurin, ki ga ko akwai kaji ko awaki ko wani kare ko yara masu jifa. A zaɓi waje, bakin ƙofa ko inuwar bishiya, nesa da wurin salla da randar ruwa da madafa. Tsohon ya kasance a zaune daram kafin ki matso, igiyar gajera a hannunki, ba a hannunsa ba, kada kuma ta kewaye ƙafar kujera ko sanda. Ki gaishe shi yadda kika saba, a durƙushe, Baba ko Mama ko Kaka, gaisuwa ta cika kafin a zo kan karyar. Ki bar shi ya fara miƙa hannu. Minti 15 zuwa 20 sun isa da farko, kuma kada ki wuce gida biyu ko uku a rana ɗaya. Ki riƙa kallon karyar kamar yadda kike kallon tsohon: yawan hamma, lasar leɓe, kawar da kai, haki ba tare da zafi ba, duk suna nufin ta gaji, kuma gajiyayyen kare shi ne mai kuskure. Ki tafi da ruwanta da kwanonta da ledar kwashe kashi. Ku kasance ku biyu, ɗaya ta kula da dabba, ɗaya ta kula da hira, ku kuma rubuta a ɗan littafi wanda aka ziyarta da abin da aka lura.

Ga gidajen da kare ba zai shiga ba, ƙofa ba ta rufe ba. A 1991 wani likita mai suna Bill Thomas ya shigar da karnuka biyu da kyanwa huɗu da tsuntsaye ɗari cikin wani gidan tsofaffi a jihar New York, domin a ganinsa abin da ke cin mazauna gidan shi ne kaɗaici da gundura da jin cewa ba su da amfani ga kowa. Mu ba ma bukatar a koya mana wannan, iyayenmu mata da kiwo suka tsufa. Kyanwa tana da karɓuwa a gidan Musulmi, akwai hadisi a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ke cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Sai dai ita ma tana bukatar allurar haukan kare, kuma ba kowace kyanwa ke jure tafiya baƙon wuri ba. Zomo mai sabo da hannu yana zama lafiya a cikin kwando a kan cinya. Wani lokaci ma ba ziyara ake bukata ba, a bar wa tsohuwa abin da za ta kula da shi, 'yan tattabaru ko kaza da 'yan tsakinta, muddin akwai yaron da zai ɗauke mata share wuri da ɗauko dusa.

Hajiyar nan da na ɓata wa rai, daga baya ɗanta ya saya mata tunkiya mai ciki, aka ɗaure ta a inda take hango ta daga ƙofar ɗaki. Ni nake zuwa duba tunkiyar. Duk zuwan da na yi sai ta tsare ni da bayani, jiya ba ta ci harawa sosai ba, yau ta fi son dusa da ɗan kanwa, ɗan ragon ya fara tsalle. Ita ce ta fara gane cewa kofaton tunkiyar ya yi tsawo kafin ni in lura.

Abu na ƙarshe da zan roƙe ki shi ne, kafin ki fara da kowane gida ki auna ko za ki iya ɗorewa. Tsoho yana lissafin kwanaki, idan kin ce Asabar zai sa a fito masa da kujera tun da hantsi. Gara gida biyu da za ki riƙe shekara guda da gida goma da za ki bari bayan wata biyu. Ranar da karyar ba ta da lafiya, ko ruwa ya tsare ku, ko ta tsufa ta daina fita, ki je ke kaɗai ki gaya masa dalili, domin zai tambaye ta. Idan kin shirya, ki kawo ta wurin likitan dabbobi tare da katinta a duba ta daga kunne har farce, ki kuma zo da mace ɗaya daga cikin ƙungiyarku wadda karyar ba ta taɓa gani ba, da sandar dogarawa a hannunta, a yi gwajin farko a nan.